Shirya Maƙalar Bincike da Miƙa Ta ga Mujallar Kimiyya: Misali Daga Samaru

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato daga Zariya a tsakiyar damina, da zarar ya wuce garin Samaru zai hangi gonaki waɗanda aka yayyanka su ƙanana ƙanana, kowane yanki da ɗan allonsa mai lamba. Waɗannan su ne filayen gwaji na Cibiyar Binciken Aikin Gona. Cibiyar ta samo asali ne a 1922, lokacin da aka kafa tashar binciken noma ta Lardunan Arewa a Samaru, sa'an nan aka haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, shekarar da aka buɗe jami'ar. Abin da mai wucewa ba ya gani shi ne, aikin da ake yi a waɗannan filaye ba ya ƙarewa ranar girbi. Bayan an yanke dawa an auna ta, akwai sauran aiki a kan tebur, wato mai da abin da aka gano ya zama maƙala, a miƙa ta ga mujallar kimiyya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake shirya irin wannan rubutu, da matakan da yakan bi kafin ya fito a buge. Jigon bayanin guda ɗaya ne. Maƙalar kimiyya shaida ce da mai bincike yake bayarwa a gaban mutanen da ba su san shi ba, ba su kuma taɓa taka gonarsa ba. Kowace ƙa'ida da masu mujalla suka shimfiɗa, an shimfiɗa ta ne domin baƙon nan ya sami damar gwada shaidar, ya karɓa ko ya ƙi. Ɗalibin Hausa yana da rabo a cikin wannan magana, domin shi ma mai bincike ne, kuma sau da yawa shi ake nema idan an tashi juya sakamakon bincike zuwa harshen manomi.

2.0 Asalin Al'adar

Mujallar kimiyya ta fara bayyana a Turai a 1665. A watan Janairu na shekarar aka fara buga Journal des sçavans a Faransa, a watan Maris kuma Henry Oldenburg, magatakardar ƙungiyar masana ta Royal Society, ya fito da Philosophical Transactions a birnin Landan. Kafin wannan lokaci masana kan sanar da juna abin da suka gano ta hanyar wasiƙu da littattafai, kuma akan yawaita gardama a kan wanda ya riga wani. Mujalla ta zo ta kashe wannan baki, domin tana ɗauke da sunan mai aiki da lokacin da aikin ya fito, ta kuma ajiye shi inda kowa zai iya komawa gare shi.

Al'adar aika maƙala ga wasu masana su duba ta kafin a buga, daga baya ta kafu, kuma sannu a hankali. Royal Society ta naɗa kwamitin zaɓen maƙalu a 1752, ta soma neman rahoton masu dubawa a rubuce a 1832. Mujallar Nature kuwa, wadda aka kafa tun 1869, sai a 1973 ta mai da wannan dubawa tilas a kan kowace maƙalar bincike. Ke nan abin da ɗalibi yake gani kamar doka ce da aka gada tun fil azal, tsari ne da masana suka gina da hannunsu bayan sun sha ganin yadda kuskure yake shiga rubutu ya zauna.

3.0 Abin da Ya Faru a Samaru

Misali mafi kusa na amfanin wannan tsari shi ne labarin shukar gauraye. Manomin ƙasar Zazzau ya gaji haɗa gero da dawa da wake, wani lokaci har da gyaɗa, a gona ɗaya. Yakan shuka gero da ruwan fari, dawa ta biyo baya, a soka wake a tsakani bayan damina ta kankama. Gero ya nuna a yanke shi wajen watan Agusta, ya bar wa dawa fili har zuwa kaka. Shekaru da dama malaman gona suna ɗaukar wannan a matsayin alamar rashin ci gaba, suna kiran manoma da su koma shuka iri ɗaya tak a kowace gona, kamar yadda ake yi a filin gwaji.

A 1965 wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, ya zo Samaru. Tsakanin 1966 da 1967 shi da ma'aikatansa suka bi gidaje fiye da ɗari na manoma a ƙauyuka uku, wato Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, ana ziyartar kowane gida sau biyu a mako har shekara ta zagayo, ana rubuta aikin da aka yi da amfanin da aka samu. Sakamakon ya fara fitowa kashi-kashi a jerin takardun cibiyar mai suna Samaru Miscellaneous Papers tsakanin 1967 da 1972. A 1974 Norman ya buga ainihin hujjarsa a Journal of Development Studies, inda ya nuna cewa shukar gauraye ta fi kawo riba a kan kowace eka, ta fi biyan wahalar da aka sha a watannin noma lokacin da ƙwadago yake wuya, kuma ta fi tsare manomi daga hasara idan damina ta saɓa. A ɗaya gefen, masanin dawa D. J. Andrews ya gwada abin a filin Samaru, ya buga sakamakonsa a mujallar Experimental Agriculture a 1972, shi ma ya tarar haɗa dawa da gero da wake ya fi dawa zalla samar da amfani.

Manoman Hanwa sun san wannan tun kaka da kakanni. Abin da maƙalun nan suka yi shi ne suka zuba sanin a cikin alƙaluma, suka faɗi yadda aka samo alƙaluman, ta yadda masani a Indiya ko Amurka zai iya bin sawu ya tabbatar. Da aikin ya tsaya a cikin durowar ofis, da ra'ayin malaman gona bai motsa ba.

4.0 Sassan Maƙala

Galibin mujallun kimiyya suna son a jera maƙala bisa tsari ɗaya: take, tsakure, gabatarwa, kayan aiki da hanyar bincike, sakamako, tattaunawa, sa'an nan manazarta. Kowane sashe yana amsa wata tambaya ce da mai karatu zai yi.

4.1 Take da Tsakure

Take shi ne abin da mutum dubu za su gani, tsakure ɗari su karanta, maƙalar kanta kuwa sai 'yan kaɗan. Saboda haka take nagari yakan ambaci amfanin gonar da aka yi aiki a kansa, da abin da aka gwada, da wurin da aka gwada. Tsakure kuwa taƙaitawa ce ta dukkan aikin a sakin layi ɗaya, yawanci bai wuce kalmomi 250 ba, kuma dole ya faɗi abin da aka samu da adadinsa. Tsakuren da ya ce "an tattauna sakamakon" bai gaya wa kowa kome ba. Ko da yake su ne a farko, gwanayen marubuta sai sun gama kome suke rubuta su.

4.2 Gabatarwa

A nan mai bincike yake faɗin matsalar da ta tashe shi, da abin da magabata suka riga suka gano game da ita, da giɓin da suka bari. Ba wurin nuna yawan karatu ba ne. Ayyukan da za a ambata su ne waɗanda suka kai mai karatu bakin tambayar, kuma sashen yakan rufe da tambayar a fili.

4.3 Kayan Aiki da Hanyar Bincike

Wannan shi ne ƙashin bayan maƙala, kuma ma'auninsa ɗaya ne: wani masani zai iya maimaita aikin da abin da aka rubuta kawai? Shi ya sa maƙalun da suka fito daga cibiyar sukan fara da cewa Samaru tana kan digiri 11 da minti 11 arewa, da digiri 7 da minti 38 gabas, a tsayin mita 686 daga teku, kuma ruwan da take samu a shekara yana kai wa kimanin milimita 1,000. Wannan ba ado ba ne. A 1968 D. L. Curtis ya nuna a Journal of Applied Ecology cewa kowace dawar gargajiya ta Nijeriya tana fid da kai ne daidai da lokacin ɗaukewar ruwa a ƙasarta ta asali, domin tsawon yini ne yake gaya mata lokaci. Ashe kuwa sakamakon gwajin dawa ba shi da ma'ana sai an san inda aka shuka ta da ranar da aka shuka.

Haka sha'anin sunaye yake. Bahaushe ya bambanta farafara da kaura, ya bambanta gero da maiwa, kuma ya kamata a rubuta waɗannan sunaye yadda suke. Amma baƙo bai san su ba, saboda haka ake haɗa su da sunan Latin da duniya ta yarda da shi: dawa ita ce Sorghum bicolor, wake shi ne Vigna unguiculata, ƙuduji ko wuta-wuta mai addabar dawa kuma Striga hermonthica. Ingantattun irin da cibiyar ta fitar suna da sunayensu da lambobinsu, kamar SAMSORG na dawa, da SAMMAZ na masara, da SAMPEA na wake, da SAMNUT na gyaɗa, kuma sai an faɗi lambar.

Awo ma haka ne. Manomi yana lissafi da dami da buhu da tiya da mudu, alhali damin wani ya fi na wani, tiyar wannan kasuwa kuma ba lalle ta zo daidai da ta waccan ba. Mai binciken da ya tattaro bayani daga bakin manoma wajibi ne ya ɗora waɗannan a kan sikeli, ya juya su zuwa kilogiram a kan hekta, ya kuma bayyana yadda ya yi juyin.

Daga nan sai tsarin gwajin. A ƙaddara ana son a gane ko wani taki yana ƙara wa masara yabanya. Idan aka zuba shi a fuloti ɗaya aka hana ɗaya, ba za a san ko takin ne ya kawo bambanci ba, ko kuwa tsohon suri ne ko kwarin da ruwa yake kwanciya. Maganin wannan shi ne a maimaita kowane gwaji sau uku ko huɗu, a kuma raba fulotai ta hanyar ƙuri'a, domin kada son zuciyar mai bincike ya ba takin da yake so wuri mai kyau. R. A. Fisher ne ya shimfiɗa waɗannan ƙa'idoji bayan ya kama aiki a tashar Rothamsted ta Ingila a 1919, kuma duk mai duba maƙalar noma su yake fara nema.

4.4 Sakamako da Tattaunawa

A sashen sakamako ana faɗin abin da aka samu ne tsurarsa, cikin jadawali da zane, ba tare da sharhi ba. Abin da jadawali ya riga ya nuna ba a sake jero shi cikin jimloli. Kowane bambanci da aka ambata sai an raka shi da lissafin da yake nuna ko ya wuce abin da dace kawai zai iya haifarwa. Al'adar da aka saba ita ce a karɓi bambanci idan irinsa ba zai auku bisa dace ba fiye da sau 5 cikin 100. Sakamakon da ya saɓa wa zaton mai bincike shi ma sai an kawo shi, domin ɓoye shi daidai yake da shaidar zur.

A tattaunawa ne ake fassara sakamako, a gwama shi da na magabata, a faɗi iyakarsa. A nan ne ƙafar sababbin marubuta ta fi zamewa, inda gwajin damina ɗaya a fili ɗaya yakan rikiɗa ya zama hukunci a kan Arewa baki ɗaya. Samaru kanta ta isa gargaɗi. Akwai gwajin takin gargajiya da na zamani da aka kafa a filinta tun 1950, aka yi shekaru da dama ana bibiyarsa, kuma sai da tafiya ta yi nisa ya bayyana sosai cewa takin zamani shi kaɗai yana sa ƙasa ta yi tsami, haɗa shi da kashin dabbobi ne yake riƙe ƙarfinta. Damina ɗaya ba za ta taɓa nuna wannan ba.

4.5 Manazarta da Sunayen Marubuta

Duk wata magana da aka aro sai an faɗi mai ita, da shekara, da inda aka buga ta. Ɗaukar aikin wani ba tare da ambato ba satar fasaha ce, kuma takan jawo a soke maƙala ko da ta riga ta fito. Sunan da zai hau kan maƙala kuwa na wanda ya yi tarayya ta haƙiƙa ne wajen tsara aikin ko fassara shi da rubuta shi, ya kuma yarda ya amsa tambaya a kansa. Masu awo da tafintoci da manoman da suka ba da gonakinsu, haƙƙinsu ne a gode musu a sashen godiya. Kyautar da suna ga babba don girmansa kawai, al'ada ce da ƙa'idar mujallu ta hana.

5.0 Zaɓen Mujalla da Miƙawa

Tun kafin a gama rubutu ake zaɓen mujalla, kuma abin lura shi ne su wane ne masu karanta ta. Aikin da amfaninsa ya tsaya ga yankin Zazzau zai fi samun masu bukatarsa a mujallar gida. A nan Samaru an yi mujallar Savanna, wadda jami'a ta fara bugawa a 1972, da Samaru Journal of Agricultural Research ta cibiyar. Aikin da ya taɓo ƙa'idar da ta shafi ƙasashe da yawa shi ake kai wa mujallar waje. Kowace mujalla tana da jagorar marubuta, mai bayyana tsawon maƙala da yadda ake jera manazarta da jadawali, kuma edita yakan mai da maƙalar da ta saɓa wa jagorar tun bai karanta ta ba.

A shekarun 1970 da 1980 miƙa maƙala aiki ne na hannu. Akan buga ta da tafireta, a bar tazara tsakanin layuka domin mai gyara ya sami wurin rubutu, a yi kwafi biyu ko uku, mai zane ya zana hotuna da tawada, a zuba cikin ambulan a kai gidan waya. Amsa daga Ingila takan ɗauki watanni. A yau ta intanet ake loda maƙala a shafin mujalla, cikin 'yan mintoci a sami lambar shaidar karɓa. Duk da haka sharuɗɗan suna nan yadda suke. Ana haɗawa da gajeriyar wasiƙa zuwa ga edita, mai faɗin abin da aikin ya ƙaro, da tabbatar da cewa dukkan marubuta sun amince, ba a taɓa buga aikin ba, kuma ba ya gaban wata mujalla. Aika maƙala ɗaya wuri biyu a lokaci guda babban laifi ne a wurin editoci.

6.0 Hukuncin Masu Tantancewa

Idan edita ya ga maƙala ta dace da mujallarsa, sai ya tura ta ga masana biyu ko uku na fannin. A mafi yawan mujallu marubuci ba ya sanin ko su wane ne, a wasu kuma su ma akan ɓoye musu sunansa. Sukan duba ko hanyar binciken ta inganta, ko lissafin daidai ne, ko hukuncin da aka yanke ya tsaya inda hujja ta tsaya. Shawara suke bayarwa, edita ne mai yanke hukunci, kuma hukuncin ba ya wuce ɗayan huɗu: a karɓa yadda take, wanda da wuya ya faru, ko a nemi ƙaramin gyara, ko babban gyara, ko a ƙi ta.

Neman gyara ba cin fuska ba ne, hasali ma alama ce ta cewa ƙofa a buɗe take. Abin da ya kamaci marubuci shi ne ya bi sharhin ɗaya bayan ɗaya, ya nuna shafi da layin da ya gyara, inda kuma bai yarda ba ya kawo hujjarsa cikin ladabi. Mai dubawa yana iya kuskure, musamman idan bai san yanayin damina ɗaya tak a shekara ba, amma idan masani ya kasa fahimtar jimla, mafi yawan lokaci laifin jimlar ne. In kuwa an ƙi maƙala, sai a yi amfani da sharhin a gyara ta, a nufi wata mujalla. Bayan karɓa akan aiko da shafukan gwaji na ɗab'i, kuma wannan ita ce dama ta ƙarshe ta kama kuskuren adadi.

7.0 Wani Tarko na Zamani

Da yake ƙarin girma a jami'a ya rataya ne a kan yawan maƙalu, sai wasu 'yan kasuwa suka buɗe mujallun bogi, masu karɓar kuɗi su buga kome cikin 'yan kwanaki ba tare da dubawa ba. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya shirya maƙalar ƙarya mai cike da kurakuran ganganci, ya aika wa mujallu 304, har 157 suka karɓe ta, ya kuma ba da labarin a mujallar Science. Karɓar kuɗin bugu shi kaɗai ba aibi ba ne, domin akwai mujallu na ƙwarai da suke yin haka don kowa ya karanta kyauta. Alamomin da ake gudu su ne alkawarin bugu cikin mako ɗaya, da wasiƙun zawarci masu yabon da ya wuce kima, da rashin editocin da aka sani a fannin. Mai neman mujallun Afirka yana iya farawa da rumbun African Journals Online, wanda aka kafa a 1998, ya kuma tambayi ma'aikatan Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa take da tsakure da jadawali da sharhin masu dubawa duk hidima ɗaya suke yi, wato ba wanda bai gani ba damar gwada maganar wanda ya gani. Ta wannan hanya ce hikimar manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi ta shiga littattafan noma na duniya. Ɗalibin da ya ɗauko waƙa daga bakin maroƙi a Sabon Gari, ko ya tattaro kalmomin maƙera a birnin Zariya, tambayoyin da za a yi masa su ne waɗanda aka yi wa masu awon dawa: a ina, yaushe, daga wurin mutum nawa, kuma ta yaya wani zai tabbatar. Wanda ya tanadi amsoshin nan tun yana filin bincike, rabin maƙalarsa ya riga ya rubutu.